Yadda za ka kai baƙonka fadar Manhyia ranar Akwasidae

Duk mazaunin Aboabo ko Asawase, unguwannin zango na Kumasi a ƙasar Ghana, ya san wannan nauyin. Ɗan'uwa ya taso daga Kano ko Damagaram, ya sauka, ya huta gajiya, ya ci waakye, shinkafa da wakenmu na nan, sai ya dube ka ya ce, "To, ina fadar sarkin Tonawan da ake faɗa?" Na kai baƙi Manhyia, fadar sarkin Tonawa, wato mutanen Asante, har na daina ƙirgawa, kuma sai da na sha kunya sau biyu kafin na iya.

Ka fara da neman ranar. Gidan tarihin fadar ba ya wuyar shiga, amma in kana so baƙo ya ga sarki da idonsa, sai ranar bikin gargajiyarsu na Akwasidae. Lahadi ce, sai dai ba kowace Lahadi ba. Lissafin Tonawa yana zagayowa ne duk kwana 42, wato mako shida-shida. Kada ka ƙirga da ka. Na taɓa yi, na tashi kawuna tun da asuba, ya sha babbar riga da hula, muka je muka tarar da fili fayau, ashe na kuskure da mako guda. Bai ce uffan ba sai a hanyar dawowa: "Ɗana, ko dai sarkin ya ji labarin zuwanmu ne ya ɓuya?" Tun daga ranar, maƙwabcina Batone nake tambaya, shi ba ya ɓata.

Daren da za ku tafi, ka zaunar da baƙon ka ba shi labarin goro. Wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa, sai baƙo ya je yana kallon fada kamar abin da ba ruwansa da shi. Fataucin Gwanja da kakanninmu suka yi suna da shi, ayari da madugu da jakuna, wata da watanni a hanya, goron kurmin Asante suke bi. A Salaga ake haɗuwa, mu mu kawo kanwa da fata da tufafi, su su kawo goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu nan kudu, kuma bayan Turawa sun kama Kumasi zangonmu ya cika ya batse. Amma Musulmi sun riga haka daɗewa a garin. Baturen nan Bowdich da ya zo a 1817 ya tarar da malamai a kusa da sarki, suna yi masa rubutu da addu'a. In baƙonka ya ji wannan, gobe da ya ga rigar yaƙin nan da suke kira batakari, wadda aka lulluɓe da layu gaba da baya, ba sai ka yi masa bayani ba.

Ku fita da hantsi. Daga unguwanninmu pragya, babur mai ƙafa uku, ma ta isa, tafiyar ba nisa. Kada ku sa baƙi ko ja, nan kayan makoki ne. Farar riga ta fi.

Ku fara da gidan tarihin kafin taro ya cika. Turawan Ingila ne suka gina shi a 1925 saboda sarki Prempeh na ɗaya, wanda suka kama a 1896, suka kai shi Elmina, daga nan Saliyo, daga ƙarshe tsibirin Seychelles, bai dawo gida ba sai 1924. A 1995 aka mai da gidan wurin tarihi. Akwai mutum-mutumin sarakuna a zaune cikin ɗakuna, girman mutum sak. Ka gargaɗi baƙonka tun a ƙofa, don kawuna sai da ya rage murya ya yi wa ɗaya sallama. Ka tambayi mai yi muku jagora kafin ka ɗauki hoto da waya. Ka kuma ce ya nuna muku kayan zinariyar da aka dawo da su daga gidajen tarihi biyu na Landan a 2024, guda 32, mafi yawansu ganimar da sojan Ingila suka kwasa, tun daga lokacin da kwamandansu Wolseley ya ƙone garin a 1874. Aro aka ba da su, na shekara uku. A kwashe kayanka sannan a ara maka, ni dai har yau abin bai zauna mini ba.

Kujerar zinariya kuwa, ka gaya masa tun wuri ba zai gan ta ba. Tonawa sun ce bokan nan Okomfo Anokye ne ya kira ta daga sama zamanin Osei Tutu na farko, kuma ran al'ummarsu na cikinta, ko sarki ba ya zama a kai. Ita gwamnan Ingila Hodgson ya nema a 1900, sai Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta ja maza zuwa yaƙi, suka tsare shi a ganuwar sojan da ke unguwar Adum. Sojojin da ke ciki tare da gwamnan, da yawansu Hausawa ne. Ba na ɓoye wa baƙo wannan.

Can wajen tsakar rana fili zai ɗauki harama. Tambura, ƙahonnin hauren giwa, manyan laimomi suna juyi, masu takubba, sannan sarki Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda ke kan gado tun 1999, ya fito zinariya ta yi wa hannuwansa nauyi. Ka nuna wa baƙo yadda hakimai ke tuɓe takalmi, su sauke zane daga kafaɗa kafin su gai da shi, da yadda ba a yi masa magana kai-tsaye sai ta bakin okyeame, kakakinsa mai sanda. Wanda ya san fadar Kano ba zai ga baƙon abu ba. Za a kawo kwalaben giya a matsayin gaisuwa. Al'adarsu ce, ku 'yan kallo ne, ba wanda zai nemi ku taɓa.

Kunyata ta biyu a nan na sha ta. In za ku gai da mutanen da ke zaune a jere, daga damarku ake farawa a bi zuwa hagu. Wani baƙona ya faro daga hagu, yana ta murmushi, wani dattijo ya riƙe hannunsa a hankali ya mai da shi farkon layi. Ni aka harara.

Ku dawo zango ku yi azahar, ku ci tuwon zafi. In akwai sauran ƙarfi, sai ku nemi 'yan goro. Ka sa a ɗaure masa cikin ɗanyen ganye, ka ce ya riƙa yayyafa ruwa a hanya, in ba haka ba kafin su kai iyaka ya bushe.