Yadda Ake Haɗa Rege da Pop a Waƙa Ɗaya

Abin da za ka fara yi shi ne rabon aiki. Ganga da bes (jita mai kaurin sauti) da jita na rege ne, ka bar su a kan ƙa'idarsu. Tsarin waƙa da karin murya da amshi kuwa na pop ne. Yawancin waƙoƙin da suka lalace a wannan fanni a nan suka lalace: a ɗauko gangar pop mai bugu ko'ina, a yafa mata jitar rege a sama, a tashi ba tsuntsu ba tarko. Dubi kundin Catch a Fire na Bob Marley da The Wailers da ya fito a 1973. A Kingston ta Jamaika aka ɗauki tushen kiɗan, sannan Chris Blackwell na kamfanin Island ya sa aka ƙara jitar rok da wasu kayan kiɗa a Landan don kunnen Turawa. Ado aka ƙara a sama, ƙashin bayan kiɗan yana nan yadda yake.

Fara da gudun kiɗa. Saita kwamfutarka a bugu 150 a minti, ka riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kunne zai ji shi kamar 75, kuma hakan ake so. A salon da ake kira wan-dirof, wanda Carlton Barrett, makaɗin The Wailers, ya yi fice a kansa, babbar gangar ƙafa ba ta taɓa bugu na ɗaya. Ita da gefen ƙaramar ganga suna sauka tare a kan na uku kawai. Wannan gurbi da aka bari shi ne ran kiɗan. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin cike shi, ka daure. In kana son amshi ya tashi irin na pop, sauya zuwa salon sitefas a wurin kaɗai, inda gangar ƙafa take sauka a kowane bugu huɗun, ka koma wan-dirof idan baiti ya dawo.

Jita tana sara a kan biyu da huɗu. Tsirkiyoyi uku ko huɗu na siraran kawai za ka taɓa, kuma da ka sara ka sassauta yatsun hagu nan take don sautin ya mutu. Idan ya yi tsawo, zai hau kan murya ya cinye sararin bes. A wajen tace sauti, yanke duk abin da ke ƙasa da 200 Hz daga jitar (Hz ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri). Za ka iya sa fiyano ya bi ta, sara da sara, amma a lokaci ɗaya daidai, in ba haka ba kiɗan zai yi ɗingishi.

Bes ne ya fi cancantar lokacinka, domin a rege shi ma mawaƙi ne, yana da nasa karin da mutum zai iya rerawa da baki. Rubuta masa gajeren zance mai maimaituwa, da hutu a ciki. Rage kaifin sautinsa, a buga da tsokar yatsa kusa da wuyan bes ɗin don ya fito da kauri. Matsalar ita ce nauyinsa yana tsakanin 40 zuwa 100 Hz, lasifikar waya kuma ba ta iya fitar da wannan. Mai sauraron pop sau da yawa a waya yake ji, sai ya ji waƙa babu gindi. Ƙara ƙarfin bes ba zai gyara ba, sai dai ya shaƙe sauran kayan. A ɗan gasa sautinsa da na'urar ƙara kaushi har ya haifi amo a sama da 200 Hz, sannan a gwada a waya kafin a rufe aiki.

Ta ɓangaren pop abin ba shi da wuya. Amshi ya iso kafin minti ɗaya ya cika, kalmominsa kaɗan, waƙar ta tsaya a wajen minti 3. A ninka muryar amshi, a ɗora mata muryoyi biyu masu rakiya, wanda dama al'adar mawaƙan Jamaika ce tun zamanin rokistedi, salon kiɗan da ya gabaci rege.

Amsa-kuwwa gadon dob ne, fasahar sake sarrafa sautin waƙar rege da King Tubby, injiniyan sauti ɗan Jamaika, ya ɗaukaka. A gudun 75 ɗin da kunne yake ji, saita jinkirinta a milisakan 600, ka jefa ta a kan kalmar ƙarshe ta layi ko a kan sara ɗaya na jita, ka rage mata kaurin sauti da kaifinsa. In ka bar ta a buɗe a kan murya gaba ɗaya, kalmomi za su cakuɗe, pop kuma ba ya yafe a kasa jin abin da mawaƙi yake faɗa.

Kada ka ari harshen Jamaika in ba naka ba ne. Masu shi suna ganewa daga layin farko, kuma abin yana zubar da mutunci. Rera da bakinka na gaskiya, kiɗan ya isa ya nuna inda ka ɗebo.

Saura batun haƙƙi. A Jamaika mawaƙa da yawa sukan hau kiɗa ɗaya da ake kira ridim, kowa da waƙarsa, amma wannan ba ya nufin kiɗan ba shi da mai shi. In za ka hau na wani, ka karɓi izinin furodusan a rubuce. Kafin waƙa ta fita, duk wanda ya sa hannu a rubutu ko a kari, a rubuta sunansa da kasonsa cikin ɗari a takarda ɗaya, kowa ya rattaba hannu ya riƙe kwafi.