Kurakuran da ɗaliban jarida ke yi da ƙirƙirarriyar basira

Tun da manhajar ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, makarantun koyon aikin jarida a duniya suka rungumi ƙirƙirarriyar basira, har UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar wa malamai littafin jagora a 2023. Ni ma ban hana ɗalibaina a nan Kaduna amfani da ita ba. Abin da ya ishe ni shi ne kuskure iri ɗaya kowane zango.

Babbansu, a ɗauki abin da na'ura ta rubuto a matsayin labari. Wannan ya taɓa cina. Na tura wani ɗalibi Kasuwar Barci ya ji ta bakin masu gwanjo kan tsadar dila. Ya kawo aiki tsaf, har da maganar wani dattijo cikin alamar zance. Daɗin rubutun ya ɗauke ni, na sa hannu, ya fita a mujallar aji. Ashe yaron bai wuce bakin titi ba. Sunan ya gani a jikin shago, maganar kuwa manhaja ce ta ƙaga. Ni na je da ƙafata, na durƙusa tsakanin tulin riguna ina "Baba, a yi haƙuri." Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, haka kuke koya musu?"

Ku da kuke ganin wayo ne, manya ma sun faɗa ramin. A 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta buga jerin littattafan karatu da manhaja ta haɗa, goma cikin goma sha biyar babu su a duniya. Tun a 2023 kamfanin dillancin labarai na AP ya ce a ɗauki duk abin da manhajar ta bayar a matsayin bayanin da ba a tantance ba. Ni nawa maganin jan biro ne: kowane suna, kowane adadi, kowace magana sai na zagaye, kuma sai ka kunna min muryar a wayarka kafin na duba sauran.

Sai fassara. Manhajar tana yawan zubar da lanƙwasa, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Karanta da ƙarfi kamar kana gaban makirfo, inda harshenka ya sarƙe ka gyara.

Kada ka loda mata hirar wanda ya ce a sakaya sunansa. In ta taimaka maka, faɗa min a ƙasan takardar. Masu kawo min hoton da manhaja ta ƙaga mai yatsu shida kuwa, ko zama ba na cewa su yi.