Idan fom ɗin da ka cike ya koma fanko a Google Drive

Duk mai aiki a shagon kwamfuta a bakin ƙofar BUK ko Zoo Road a Kano ya saba jin wannan ƙorafi: "Wallahi na cike shi tas, na buɗe a Drive babu komai." Galibi laifin ba na Drive ba ne. A fom ɗin PDF, rubutun da ka shigar ba ya manne da takardar, yana zaune ne a cikin gurabe daban. Idan manhajar ba ta adana guraben ba, takardar ce kaɗai za ta tafi.

Kada ka cike fom kai tsaye daga WhatsApp ko Gmail, ko a shafin da Drive ke nuna maka fayil a burauza. Wannan na kallo ne, ko kwafin wucin gadi. Fara sauke fayil ɗin cikin waya ko kwamfuta, sannan ka buɗe shi da Adobe Acrobat Reader na kyauta, wanda tun fitowar Reader XI a 2012 yake adana fom ɗin da aka cike. Firefox ma yana yi. Chrome yana yi, amma idan ka zo saukewa zai tambaye ka, sai ka zaɓi "With your changes". Wanda ya danna ɗayan, fom ɗin asali zai samu.

Kafin ka ɓata rabin awa, gwada da layi ɗaya: rubuta sunanka, adana, rufe, sake buɗewa. In sunan yana nan, ci gaba.

Wani fom ɗin kuma ko buɗewa ba ya yi, sai shafi ɗaya da ya fara da "Please wait". Irin wannan wani nau'in fom ɗin PDF ne na daban da ake kira XFA, kamar wasu takardun neman bizar Kanada. Chrome da Drive ba sa karanta shi, manhajojin waya ma haka. Kada ka wahalar da kanka, nemi kwamfuta mai Acrobat Reader.

Bayan ka gama, yi kwafi biyu. Na farko shi ne wanda ka adana, ana iya gyara shi. Na biyu ka danna Ctrl da P, a wurin zaɓen firinta ka ɗauki "Microsoft Print to PDF", a Android kuma "Save as PDF". Wannan yana manne rubutun da takardar, ko da wace manhaja aka buɗe zai fito. Sai dai ba ya gyaruwa, kuma gurbin da rubutu ya yi masa yawa zai yanke, don haka duba adireshi da dogayen amsoshi. Idan masu fom ɗin sun ce a mayar da shi yadda yake, na farkon za ka tura. Ka kula da ƙ, ɗ da ɓ: wasu guraben ba su san su ba, sai Ɗanladi ya fito da ɗan akwati a farko. Rubuta sunan yadda yake a katin NIN.

Sai ɗorawa. Canza sunan fayil ɗin tukuna, don kada cikakken ya cakuɗe da fankon. Abin da ya fi kama mutanenmu a nan shi ne saitin Drive na Android mai cewa "Transfer files only over Wi-Fi". In a kunne yake, kai kuma da data kake aiki, fayil zai yi ta jira har sai ka samu Wi-Fi. Kashe shi. Saitin tattalin batir ma yana iya tsayar da lodi idan ka fita daga manhajar, kuma a garin nan da wuta ke yin yadda ta ga dama, kusan kowa a kunne yake barinsa. Bar Drive a buɗe har lodin ya kammala.

Duba kuma ko da sauran wurin ajiya a Drive ɗinka. Giga 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, Gmail da Photos da Drive ne ke rabawa, hotunan biki kaɗai sun isa su cinye shi.

Idan fankon ya hau kan cikakken, buɗe Drive a kwamfuta, danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, nemi "Manage versions". Drive kan riƙe tsohon kwafi na kwana 30.

Kafin ka tura wa kowa, sauke fayil ɗin daga Drive a wata wayar ka gani da idonka. In kuma a shagon kwamfuta ka yi aikin, fita daga asusunka, ka goge fom ɗin daga Downloads da Recycle Bin, domin lambar NIN da ranar haihuwarka suna ciki.