Babi na Shida: Komawa Cin Abinci Iri-iri Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Darasi na 1: Tumbin da kuke da shi yanzu

Wannan babi na waɗanda aka yi wa aikin rage tumbi ne, da masu yi musu girki a gida. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya sa a karanta masa sau biyu. Babu kunya a ciki.

Aikin iri biyu aka fi yi. A na farko, likita yakan yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ya cire, abin da ya rage ya zama siriri mai siffar ayaba. A na biyu, akan ware ɗan aljihu a saman tumbin, girmansa kamar ƙwan kaza, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Ko wanne aka yi muku, wurin ajiyar abinci ya ragu ƙwarai, hanyar wucewarsa kuma ta matse.

Shi ya sa ake hawa mataki-mataki. Mako 2 na farko abu mai ruwa-ruwa kawai. Mako na 3 da na 4, abincin da aka markaɗe ya yi sumul. Mako na 5 da na 6, mai laushi wanda bayan cokali ke iya murƙushewa. Daga mako na 7 ko na 8 ne ake fara abincin gida. Asibitoci sun ɗan bambanta a kan makonnin nan, don haka takardar da likitanku ya ba ku ita ce gaba da wannan littafi.

Darasi na 2: Tauna

Nan ne aka fi faɗuwa, don haka nan za mu daɗe.

Mun taso muna cin tuwo ba tare da tauna ba. A yanko loma, a dangwala miya, a haɗiye. Hannu ya saba, maƙogwaro ya saba, mutum bai ma san ya yi ba. To, sabon tumbin ba ya ɗaukar wannan. Aikin niƙa da tsohon tumbi yake yi muku, yanzu ya koma kan haƙora.

Ga yadda za ku yi. Ku zauna sosai, baya a miƙe; ba a ci a kwance ko a tsaye. Ku zuba naku a ƙaramin faranti daban, kada ku sa hannu a kwanon taro, domin a can gudun hannun wasu za ku bi. Ku yi amfani da cokalin shayi. Ku ɗebi loma da ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba. Ku sa a baki, ku ajiye cokalin a kan faranti. Ajiye shi, ba riƙe shi a sama ba. Sannan ku tauna sau 20 zuwa 30, kuna ƙirgawa a zuci, har abincin ya zama kamar kunu a baki. Sai ku haɗiye, ku ɗan dakata, kafin ku sake ɗaukar cokali.

Mu maimaita. Loma ƙarama. A ajiye cokali. A tauna sau 20 zuwa 30. A haɗiye. A dakata.

Wani zai ce, ai tuwo da laushinsa, me za a tauna? Laushin ne yake yaudarar ku. Tuwo yana da danƙo, yana dunƙulewa ya toshe hanya. Haka burodi sabon gashi, haka shinkafa, haka taliya. Idan loma ta maƙale za ku ji tsakiyar ƙirji ya ƙulle, yawu mai kumfa ya cika baki, wataƙila amai ya biyo baya. Kada ku kora da ruwa, ƙara tsananta abin yake yi. Ku daina ci, ku tashi ku ɗan taka a hankali, ku jira ya sauka.

Cin abinci ɗaya ya ɗauki minti 20 zuwa 30. In kun gama a minti 5, ba ku tauna ba. In minti 30 ya cika da saura a faranti, ku ture shi. Alamar ƙoshi ma ta canza: nauyi a ƙirji, gyatsa, shaƙuwa, wasu har hancinsu ke yoyo. Da kun ji ɗaya daga ciki, ku tsaya. Loma ɗaya a kan wannan ita ke jawo amai.

Za ku manta a kwanakin farko, kowa yana mantawa. Ku sake farawa a loma ta gaba.

Darasi na 3: Sabon abinci ɗaya-ɗaya

Kada ku gwada sababbin abinci biyu a zama ɗaya, domin in ciki ya ƙi, ba za ku san wanne ne ba. Ɗaya a rana, cokali 1 ko 2, kuma a gida. Gidan biki ba wurin gwaji ba ne. In ya zauna lafiya, gobe ku ƙara kaɗan. In bai zauna ba, ku bar shi mako 1 ko 2 ku sake gwadawa. Abin da ciki ya ƙi a wata na biyu sau da yawa yakan karɓe shi a wata na huɗu.

Ku fara da abinci mai gina jiki, shi ake ci farko a kowane faranti. Ana son giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Ƙwai mai laushi, alale, awara wadda ba a soya ta bushe ba, kifi a cikin romo bayan an cire ƙaya, kaza da ta dahu luguf, kindirmo marar sukari. Bayan su sai dafaffen ganye da kabewa. Tuwo ko shinkafa su ne na ƙarshe, in da sauran wuri. Duk abincin a wannan lokaci bai wuce rabin kofi ba. Sai a hankali yake kaiwa kusan kofi ɗaya.

Kilishi, tsire, balangu, ganda da nama mai jijiya su jira wasu watanni. Busassu ne, masu tauri. Haka ɗanyen kabeji, ɓawon tumatir, zaren lemun zaƙi, gyaɗa da aya. Ranar da kuka kai gare su, taunar nan dai ita ce: loma ƙarama, a ajiye cokali, a tauna sau 30.

Kuma ku masu girki da 'yan uwa, don Allah ku daina "ƙara mana, ai ba ka ci komai ba." Ƙauna ce, mun sani, amma amai take sa shi. An faɗa, an sake faɗa, har yanzu ana cika wa mutum faranti.

Darasi na 4: Ruwa

Ba a haɗa ci da sha. Ku daina shan ruwa minti 30 kafin abinci, ku jira minti 30 bayansa. Ruwa yana cinye wurin abinci, ko ya tura shi hanji da wuri. Tsakanin abinci kuwa ku riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har ku kai lita 1 da rabi zuwa 2 a rana, wato ruwan leda 3 zuwa 4. Ba a kwankwaɗa. In fitsari ya yi duhu, ruwan da kuke sha ya yi kaɗan. Lemon kwalba mai gas ku rabu da shi.

Darasi na 5: Zaƙi da maiƙo

Fura da sukari, zoɓo mai zaƙi, shayi mai kauri, alewa da soye-soye suna iya zubowa cikin hanji da sauri, musamman ga wanda aka yi wa aikin aljihu. Cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa, bugun zuciya, jiri, murɗar ciki da zawo. Wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 sukarin jininsa ya faɗi, jiki ya hau rawa. In na farkon ne ya faru, ku kwanta har ya wuce. Ko wanne ne, ku gaya wa likita abin da kuka ci.

Darasi na 6: Ƙwayoyi

Bitamin da aka rubuta muku na har abada ne, ko da kun koma cin komai. Ku bar awa 2 tsakanin shan kalsiyam, wato maganin ƙarfafa ƙashi, da maganin ƙarin jini. Kada ku sha maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac sai likita ya yarda, suna jawo gyambon ciki. Maganar azumi ma ku kai masa kafin watan ya kama.

Darasi na 7: Yaushe za a koma asibiti

Amai kullum, ruwa ya ƙi zama a ciki, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, baƙin bayan gida, ko ƙafafu su riƙa mutuwa. Ku tafi a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku.