Yadda ake gina ɗan filin sket a unguwa a Yamai

Duk wanda ya taɓa hawa allon sket, wato allon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da ake tsayawa a kai ana gudu, a titunan Yamai ya san mugunyar tsakuwa. Ƙwaya guda kamar wake ta shiga ƙarƙashin taya, allo ya tsaya cik, kai kuwa ka wuce gaba da haƙora. Shi ya sa rabin aikin filin sket aikin daɓe ne. Ku bar maganar tudu mai lanƙwasa irin na bidiyo sai daga baya.

Fara da wuri. Mita 10 a tsawo, 6 a faɗi sun isa farawa. Ka ga mai unguwa da ma'aikatar magajin gari kafin ka sayi ko buhu ɗaya. Ka je wurin bayan an sheƙa ruwan Agusta ka ga inda yake kwanciya. Idan tabki ne, nemi wani. In akwai inuwar dogon yaro daga yamma, ka yi sa'a, amma kada ka matsa kusa da gindinsa, saiwa na ɗaga siminti.

Sai a share, a zuba jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daddaɓe ta sosai. A ba filin ɗan gangare, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, don ruwa ya samu hanya.

Kankaren kuwa awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa, kaurinsa santimita 10, da ragar ƙarfe a tsakiya. Filin da muka ambata zai ci buhu 42 masu kilo 50, na Malbaza ko wanda ka samu. Katakon shinge da ƙarfe duk akwai su a kasuwar Katako. A tankaɗe yashin, kuma kada a yarda leburori su malala ruwa don aiki ya yi musu sauƙi. Kwaɓi mai ruwa-ruwa shi ne yake tsagewa.

Nan ne za ka yi ta fama da magini. Ya saba da daɓen tsakar gida, wanda ake bari da kaushi don kada a zame. Kai kuma sulɓi kake nema. Ka ce masa: "Malam, kamar bayan faranti nake so." Ya jira ruwan saman ya janye, ya goge da cokalin ƙarfe, ya dakata, ya sake, sau uku ko huɗu, kankaren na ƙara tauri yana ƙara danna hannu. Washegari a yanka siraran layuka duk mita 3, tsagewar da ba makawa ta bi ta nan.

Lokaci ma abin dubawa ne. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kankare ya bushe kafin ya yi ƙarfi. Gara Nuwamba zuwa Janairu, a fara da an idar da sallar asuba. Iskar hunturu ma tana shanye ruwa, don haka a lulluɓe da tsofaffin buhuna, a yi ciniki da mai garuwa ya riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, amma wa zai tsare yara har wata guda?

In kuɗi ya yi saura, sai tudun mai lanƙwasa. Siffarsa ta samo asali ne daga tafkunan ninƙaya na gidaje a Kalifoniya ta Amurka, da samari suka riƙa shiga da alluna bayan farin 1976 ya sa an bar su ba ruwa. Tsayin mita 1 ya wadatar. Kafa ƙusa, ɗaura igiya mai mita 2, ka zana lanƙwasar a kan katako, ka yanka guda biyu su zama ma'auni. A cike ciki da jar ƙasa da fasassun bulo, a shafa kankare mai kauri. A bakin sama mai walda ya kafa bututun ƙarfe mai faɗin santimita 6, ya ɗan leƙo kaɗan, ƙasa da santimita guda. Gindin tudun ya haɗe da daɓe yadda ko farce ba zai kama gaɓar ba.

Kuma a sayi tsintsiya biyu, a ajiye wajen mai shayin kusa. Wanda ya riga zuwa shi ke shara.