Yadda ake zaɓen tiyon da ba zai cutar da kifin ado ba

Mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi yakan kashe kuɗi a kan matatar ruwa da fitila da abinci mai kyau, amma in aka zo cika akwatin sai ya jawo tiyon da ake ban ruwan fulawa ko wanke mota da shi. To nan ake yin ɓarna. Kai in ka sha ruwan irin wannan tiyo, kurɓa ɗaya za ka yi ka wuce. Shi kuwa kifi a cikin ruwan nan yake kwana yake tashi, da shi yake numfashi, kuma duk abin da ya shiga akwatin ba shi da mafita sai ranar canjin ruwa.

Fara da sanin abin da aka yi tiyon da shi. Yawancin koren tiyon kasuwa da robar PVC ake yinsa, ana zuba mata sinadarai don ta yi laushi ta naɗu, wasu ma har da dalma a ciki. A shekarar 2016 cibiyar Ecology Center da ke jihar Mishigan a Amurka ta gwada tiyon lambu iri-iri, ta samu dalma da waɗannan sinadarai a cikin na PVC da dama, alhali waɗanda aka yi da robar foliyuritan don ruwan sha sun fito lafiya. Saboda haka nemi wanda aka yi musamman don ruwan sha ko don abinci: na foliyuritan, ko na silikon, ko irin wanda masu sayar da kayan kifin ado ke yankarwa da mita. Duba jikinsa ko kwalinsa. In ka ga tambarin NSF/ANSI 61 na Amurka ko WRAS na Birtaniya, to an gwada shi don ruwan sha. Launi ba hujja ba ne. Gaskiya ne na ruwan sha yakan zo fari ko shuɗi, amma ba kowane fari ba.

Akwai kuma tiyon da ake tallarsa da cewa ba ya yin gansakuka ko fumfuna a ciki. Guje shi. Maganin da ke kashe gansakukar yana iya sauka cikin ruwan, ya taɓa kifin, ya kuma taɓa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a matatar, waɗanda su ne ke cinye gubar kashin kifi.

Daga nan sai bakin tiyon. Da yawa ana sa musu baki na tagulla mai ruwan ɗorawa. Kifi na iya jure ɗan kaɗan, amma jatan lande da dodon koɗi ba sa shiri da tagulla ko kusa. In kana da su a akwatin, yanke bakin ka sa na roba, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Kafin ka biya, kai hancinka bakin tiyon ka shinshina. In warin roba ko na sinadari ya buge ka, mayar wa mai shago kayansa. Na gwanjo kuwa kada ma ka taya, don ba ka san ko fetur aka zuƙa da shi ba, ko maganin feshin gona. Faɗin rabin inci ya ishi yawancin akwatunan gida. Wanda ya fi haka ruwa yake kwararowa da ƙarfi, ya tone yashi ya tumɓuke tsirrai. Tsawo kuma daidai nisan famfo da akwatin, kada ya yi rara da yawa, ruwa ya riƙa kwanciya a lanƙwasa.

In ka kawo shi gida, ɗauraye shi da ruwa zalla, ban da sabulu. Kuma duk ranar da za ka yi aiki da shi, bar ruwan farko ya zube a ƙasa na minti ɗaya ko biyu. Wannan matakin shi aka fi rainawa, kuma shi ya fi amfani: ruwan da ya wuni cikin tiyo a rana yakan yi zafi, zafin kuma shi ke jawo sinadaran robar su narke a ciki. Tara hannunka har ka ji ruwan ya yi sanyi.

Tiyo mai kyau ba ya cire kulorin ɗin da ake sa wa ruwan famfo. In kai tsaye za ka cika akwatin, zuba maganin da ke kawar da kulorin tukuna, a auna shi da yawan ruwan akwatin duka, ba iya wanda za ka ƙara ba. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan zo da ƙarancin iska, wani lokaci da ƙarfe a ciki, gara a tara shi a bokiti ya kwana. Zafin sabon ruwan ya yi kusa da na akwatin. Yawancin kifayen ado digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas suke so. Ɗora bakin tiyon a kan dutse ko faranti don ruwan ya bazu, ka maƙale shi a gefen gilashin, don tiyo yana zillewa ya jiƙe ɗaki cikin ƙiftawar ido.

Da ka gama, ɗaga shi ruwan ciki ya tsiyaye tas, ka rataye shi a inuwa. Ɗaura masa ƙyalle ko ka rubuta "na kifi" a jikinsa, ka gaya wa mutanen gida kada wanda ya ɗauka ya kai banɗaki ko wurin wankin mota.