Kurakuran da Ake Yi Wajen Raɗa wa Ƙananan Kamfanonin Fasaha Suna

A ce matashi ne a Kano ya shafe wata shida yana haɗa manhajar da makarantun kuɗi za su riƙa fitar da sakamakon jarrabawa da ita. Kwamfutar tasa ce, kuɗin data daga aljihunsa, man janareta ma haka. Yau makarantu goma sha biyu na biyansa duk zango, har ya ɗauki yara biyu aiki. Ka tambaye shi me yake yi, sai ya ce ai yana da "startup". Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓarna.

Kalmar tana da ma'anarta a inda ta fito. Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, kamfanin da ke zuba jari a sababbin kamfanonin fasaha a Amurka, ya rubuta a 2012 cewa ana nufin kamfanin da aka gina don ya bunƙasa cikin gaggawa, ba kowane sabon kamfani ba. Irin Paystack ke nan, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya: Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015, ya karɓi kuɗin masu zuba jari, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Mai zuba irin wannan jari ya san da yawa cikin kamfanonin da ya sa wa kuɗi durƙushewa za su yi, shi ya sa yake matsa wa kowanne lamba, ko ɗaya zai mayar masa da asarar sauran.

Matashinmu ba ya cikin wannan tseren. Amma da zarar ya laƙaba wa kansa sunan, sai ya fara auna hatsinsa da mudun wasu. Shugabar makaranta ta kira shi sau uku saboda makin ɗalibai ya ƙi fita, shi kuwa yana can wurin gasar neman jari yana jiran a kira sunansa. Ya karya farashi don ya tara jama'a, alhali ba shi da rumbun da zai cike giɓin. Gyaran shi ne ya kira abin da sunan abin da ke ciyar da shi: kamfanin manhaja mai tafiya da cinikinsa. Kowa ya ji haka ya san riba ce ma'auni.

Wasu kuma nasu kuskuren raini ne. "Ai 'yar sana'a ce ta rufin asiri," kamar duk kamfanin da bai karɓi kuɗin wani ba ƙarami zai dawwama. Rufin asiri babbar ni'ima ce, ban ga abin kunya a ciki ba, sai dai zancen ba haka yake ba. Ben Chestnut da Dan Kurzius sun fara Mailchimp, kamfanin aika saƙonnin talla ta imel, a birnin Atlanta na Amurka a 2001, ba su sayar wa masu zuba jari ko kaso ɗaya ba, har kamfanin Intuit ya saye shi a 2021 a kan kusan dala biliyan 12. Kamfanin manhaja na Zoho a Indiya, wanda ya faro a 1996, yana da dubban ma'aikata, shi ma da cinikinsa ya girma. A raba tambayoyin biyu: girman kamfani daban, tushen jarinsa daban.

Wanda ya fi damuna shi ne mai cewa "jarin kaina ne" alhali kawunsa ne ya ba shi naira miliyan biyu. 'Yan Kantin Kwari ba sa wannan ruɗanin. Sun san bambancin ubangida ya ba yaronsa jari a raba riba, da ya ranta masa, da ya ba shi kyauta ya sallame shi. Mai manhaja kuwa yakan bar zancen a dunƙule saboda kunya, sai ranar da kuɗi suka fara shigowa kowa ya fito da tasa fahimtar, zumunci ya shiga garari. Tun ranar farko a durƙusa a tambaya: "Kawu, kuɗin nan rance ne zan mayar, ko kana da kaso a ciki?" A rubuta amsar, a sa shaidu.

Akwai kuma mai gina wa mutane shafukan intanet bisa oda, yana cewa yana da manhaja a kasuwa. Wannan kwangila ce: ran da ka daina aiki, ran nan kuɗi suka tsaya. Ba laifi ba ne. Kamfanin 37signals na Chicago da zanen shafuka ya fara a 1999, sai 2004 ya fitar da manhajarsa ta Basecamp. Ka dai faɗi matakin da kake.

Akwai wurin da sunan "startup" ke da nauyin doka a Najeriya. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 tana ba kamfanonin fasaha shaidar "startup" ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, kuma cikin sharuɗɗanta akwai cewa kamfanin bai wuce shekara 10 da rajista ba, sannan rajistar cikakken kamfani ce a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Mai rajistar sunan kasuwanci kawai shaidar wucin gadi ta wata shida zai iya samu, sai ya koma CAC kafin ya sami cikakkiya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan, domin mutum ɗaya tilo ma zai iya yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista.